Ɗaurin da Jalaja Ba Ta Kwance Ba

Bas ɗin bai gama tsayawa ba Jalaja ta diro, jakar kyamara a kafaɗa, lema a hammata, gwiwar hagu tana yi mata mitar da ta saba. Kwandasta ya leƙo ta taga.

"Malama, a hankali mana! Ƙauyen ba guduwa zai yi ba."

"Ƙauyen yana nan, kogin ne ba ya jira," ta ce, ba ta ko waiwaya ba.

Daga bakin titi zuwa gidan Yashodamma tafiyar minti ashirin ce ta cikin gonakin kwakwa da ayaba, kuma ta san kowane dutse na hanyar. Shekara ashirin da uku ke nan tana bin ta, sau ɗaya a shekara, a rana ɗaya: ranar ƙarshe ta bikin Dasara, ranar da kowane gida ke sauko da littattafan da aka jera a ɗakin ibada aka yi musu ado da fure, a buɗe a karanta ko da layi ɗaya ne.

A takarda sunanta Farfesa Jalajakshi Udupa. Ta koyar da adabin harshen Kannada a jami'a har ta yi ritaya, amma ainihin aikinta karanta rubutun mutanen da, wanda aka karta da tsinken ƙarfe a kan ganyen giginya. Takan shafa wa ganyen mai da baƙin fitila, ta goge da tsumma, sai haruffan su fito ɗaya bayan ɗaya. Yatsunta sun daɗe da barin zama fari, ita ma ta daina ba su haƙuri.

Wata shekara, a soron wani tsohon haikali, ta tsinci ganye arba'in da ɗaya na wata doguwar waƙa. Mace ce ta tsara ta, shekara wajen ɗari huɗu baya, ba a san sunanta ba. Cikin waƙar wata uwa ce da ta rasa 'yarta ta tsaya gaban abin bautarta tana tuhumarsa, tana neman ya ba ta amsa. A ganye na arba'in da ɗaya ya buɗe baki zai yi magana, daga nan sauran ganyen sun ɓace. Abin da kawai ya rage shi ne ɗan rubutu a gefe, inda mai kwafa ya ce ya ɗauko waƙar ne daga ɗaurin da ke babban gidan bakin kogi a ƙauyen Arekoppa.

Ta nemo gidan, ta ga ɗaurin da idonta, naɗe cikin jan alharini a ɗakin ibada. Ta roƙi uwar gidan ta bari ta buɗe. Yashodamma ta ce a'a, ta kawo mata kofi. Shekara ta zagayo ta dawo da wasiƙar jami'a, aka sake ce mata a'a, aka kawo mata kofi da abincin rana. Haka suka yi ta yi har gashin Jalaja ya yi fari, littafin da ta rubuta a kan waƙar yana cikin akwati bai ga maɗaba'a ba, domin ta rantse ba za ta fitar da shi babu ƙarshe ba.

Shekaranjiya ne Shripada, ɗan Yashodamma tilo, ya kira ta daga Bengaluru. Ya ce jikin mahaifiyarsa ya yi rauni, zai rufe gidan ya tafi da ita birni. Can babu ɗakin ibada da zai ɗauki kayan kakanni, tsohuwar kuwa ta kafe sai an yi yadda aka saba yi da tsohon littafi mai tsarki idan hidimarsa ta gagara: a miƙa shi ga kogi. Kafin azahar yau za a saka shi a kogin Tunga. "Ki zo da kyamararki," in ji shi. "Wannan karon ni zan sa ta buɗe."

Ta tarar da farfajiyar cike da kwalaye da katifu naɗaɗɗu. Shripada ya taso da sauri, mutum mai tumbi da tabarau, zufa ta jiƙa masa riga, ya sunkuya ya taɓa ƙafafunta.

"Malama, sannu da hanya. Ga wani ɗan jarida na gayyato daga Shivamogga, abin tarihi ai bai kamata a yi shi a ɓoye ba. A bakin kogi za mu kwance, gaban kowa. Ki ɗauki hotonki ganye bayan ganye, sannan ta yi abin da take so."

"Ta yarda?"

"Ba ta ce komai ba. Awwa ai uwata ce, in ta yi shiru ta yarda ke nan."

Jalaja ta san tsohuwar fiye da haka. Zuciyarta na bugawa kamar ta ɗaliba ranar jarrabawa.

Yashodamma tana zaune a ƙofar madafa, ta miƙe ƙafafu, 'yar ƙaramar tsohuwa mai shekara tamanin da biyu wadda idonta bai tsufa ba.

"Ga maroƙiyar ganye ta iso," ta ce. "Na ce da kaina, ko ambaliya aka yi wannan sai ta yi iyo ta zo."

"Akka, ke ma kin san ba don kyan fuskarki nake zuwa ba."

"To don kyan taki ake buɗe miki ƙofa? Kin rame. Waye ke dafa miki abinci tun da mijinki ya rasu, littattafan?"

Akka take kiranta, wato yaya, tun shekara ta biyar ko ta shida, ba ta tuna ranar da ta fara ba. Wannan tsohuwar ce ta aiko mata da tulun yajin mangwaro lokacin da take zaman makoki, ita kuma Jalaja ce ta kwana biyu a asibiti da ita sa'ad da aka yi mata aikin ido. Duk da haka kowace shekara sai ta roƙa, kowace shekara sai an hana ta.

Yashodamma ta dafa bango ta miƙe da ƙyar.

"Bayan nan nawa ya ƙi. Taho ki ɗauko min shi."

Jalaja ta tsaya tana kallonta.

"Ni?"

"Akwai wata bayanki ne? Wanke hannu ki shigo. Kai kuma, Shripada, ka tsaya nan da baƙonka, ka daina leƙe kamar kyanwa."

Ɗakin ibadar ƙarami ne, yana ƙanshin turare da man fitila. An riga an kwashe gumakan tagulla an naɗe a kwali, ɗaurin kaɗai ya rage a kan katakonsa, da furen safiya a kansa. Shekara ashirin da uku tana kallonsa daga bakin ƙofa, ba ta taɓa kai masa ko yatsa ba. Ta sa hannu biyu ta ɗaga.

Tun kafin ta san dalili ta ji akwai abin da bai yi daidai ba. Hannunta ya ɗauki irin wannan ɗauri fiye da dubu. Tsohon ganye yana da nauyi a dunƙule, ya manne da juna, ba ya motsi tsakanin katakan biyu da ake matse shi da su. Wannan kuwa ya lotsa da ta matsa, ya dawo. Ta bi gefensa da babban yatsa ta saman alharinin. Mutanen da can sukan goge gefen ganye har ya yi santsi, wannan yana da kaushi, hawa da sauka, yankan wuƙar madafa. Ta kai shi hanci. Babu warin mai, babu warin tsufa.

Ta juyo a hankali. Yashodamma ta jingina da ƙofa, ta riga ta tura ta ta rufe.

"Akka, mene ne wannan?"

"Na san hannunki zai gane. Shi ya sa ban taɓa bari kin taɓa ba."

"Ina littafin?"

Tsohuwar ta zame ta zauna a ƙasa. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, idonta a kan katakon da ya zama fanko.

"Shekarar da baban Shripada ya kwanta ciwo, wata huɗu muka yi a asibiti a Mangaluru, damina na tsakiya. Na kulle gida na tafi, ban bar wa kowa mabuɗi ba. Rufin nan ya yi yoyo, daidai nan. Na dawo ba miji, na buɗe ɗakin nan, na ɗaga zanen. Gara ta gama da shi. Ƙasa ce kawai tsakanin katakan, jar ƙasa. Uwar mijina ta ɗora min shi a hannu ranar da za ta mutu, ta ce mata bakwai suka riƙe shi kafin ni, ba wadda ta bar ko ɗigon ruwa ya taɓa shi." Ta goge hanci da bakin sarinta, dogon zanen da ke jikinta. "Na zuba ƙasar a gindin tulasi, tsiron nan mai tsarki na tsakar gida. Na sa aka saro min ganye, na ce tabarma zan saƙa. Na yanka, na shanya, na huda, na ɗaura. Shekara ashirin da bakwai ke nan."

Jalaja ta yi lissafin ba da son ranta ba. Shekara huɗu kafin ta fara zuwa. Tun ranar farko da ta tsaya a bakin ƙofar nan da sabuwar jakarta, babu abin da ke cikin jan zanen.

Ranta ya ɓaci, ɓacin da ba ta taɓa jin irinsa ba.

"Shekara ashirin da uku, Akka. Kin san abin da kika yi min? Malamina ya mutu yana tambayata ko na samu ƙarshen. Mijina ya mutu littafin yana akwati. An ba ni aiki a Mysuru na ƙi, don kada in yi nisa da ƙauyen nan. Kalma ɗaya za ki faɗa min, ɗaya, da na buga littafina tun ina da baƙin gashi!"

"Na sani."

"Kin sani! Kina kallona ina roƙonki kina zuba min kofi!"

"Shekarun farko kunya ce," in ji Yashodamma. "Ke baƙuwa ce mai alƙalami, na ce in na faɗa gobe yana jarida. Daga baya na san ba za ki tona ni ba. Amma lokacin kuma..." Ta ɗago. "Shripada yana birni. Sa'o'ina duk sun mutu. Mutum ɗaya ce a duniya take hawa bas biyu ta zo ta zauna a madafata ta yi faɗa da ni yini guda. Na ce a raina, in ta san babu komai, me zai kawo ta? Kowace shekara ina cewa bana zan faɗa. Sai in ga lemarki ta ɓullo ta cikin ayaba, in ce sai baɗi."

Jalaja ta dube ta. Tana so ta ci gaba da fushin, tana da haƙƙin ta ci gaba, amma ga tsohuwar nan a ƙasa, ƙarama kamar ƙullin wanki, ba ta ko ƙoƙarin kare kanta.

"Ban faɗa miki don ki rufa min asiri ba," in ji Yashodamma. "Na faɗa ne don kada ki gani a gaban mutane, ki ji shi daga bakina. Yaron nan zai kwance, ba zan iya hana shi ba. Zai san shekara ashirin da bakwai ina sa shi da 'ya'yansa suna sunkuya wa ganyen tabarma. Matarsa za ta sani. Gidanta zan je in zauna, Jalaja, ba gidana ba. Abin da kawai zan shiga da shi, a ce wannan ce tsohuwar da ta riƙe amanar gida."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Awwa, rana na yi! Bhatta mai addu'a yana jira a bakin ruwa."

Suka fita. Jalaja ce ta rungumi ɗaurin, Shripada ya riƙe hannun uwarsa, ɗan jaridar yana biye da wayarsa. Hanyar kogin gangara ce, laka ba ta gama bushewa ba. Jalaja tana tafe tana duban inda take sa ƙafa. Tana tunanin uwar nan ta cikin waƙa, tsaye shekara ɗari huɗu tana jiran amsa, yanzu kuwa ta tabbata babu mai jin amsar har abada. Baƙin cikin wannan ya fi na shekarunta ciwo.

A bakin Tunga mutanen ƙauye kusan talatin sun taru a kan matakalar dutse. Bhatta, malamin da ke yi wa gidan addu'o'i, ya shimfiɗa ganyen ayaba ya jera fure da shinkafa. Shripada ya shimfiɗa farin zane a kan dutse mai faɗi, ya shafa hannuwa.

"To, Malama. Yau ranar buɗe littattafai ce, ba mai cewa an saɓa al'ada. Ki kwance."

Ɗan jaridar ya matso. Yashodamma ta tsaya ita kaɗai, tana kallon ruwa.

Jalaja ta ajiye ɗaurin a kan zanen. Ta durƙusa, gwiwarta ta yi ƙara. Ta kama bakin igiyar da aka naɗe alharinin da ita. Ƙullin ya yi sako-sako, ƙullin tsohon hannu, ja ɗaya zai warware. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ja igiyar ta matse, ta zagaya sau uku, ta yi ƙullin da take yi wa ɗaurin da za a kai wata jiha a jirgin ƙasa, wanda ba ya kwancewa sai da wuƙa.

"Malama, me kike yi?" in ji Shripada.

"Abin da nake nema ba ya cikin nan."

"Ba ki buɗe ba fa!"

"Shekara arba'in ina wannan aikin, Shripada. Yau na fara ɗaukarsa a hannuna, kuma hannuna ya gaya min. Ba waƙar da nake nema ba ce. Ni na yi kuskure, na biyo rubutun gefen ganye na kafe a kan gidanku, na dami mahaifiyarka shekara ashirin da uku."

"To ko ba ita ba ce, ai a gani! Kayan kakanninmu ne, a ɗauki hoto a ajiye."

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau, kallon da ɗalibai suka riƙa gudu a jami'a.

"Mata takwas suka riƙe abin nan a ɗaure. Ka taɓa kunna masa fitila ko sau ɗaya? Ka san ranar da ake canza masa zane? To wadda ta sani ta ce ya tafi a ɗaure. Ni da na fi ka son a buɗe na haƙura, kai wane ne?"

Wata tsohuwa a kan matakala ta ce, "Faɗa masa dai!" Aka yi 'yar dariya. Shripada ya sosa ƙeya, ya dubi Bhatta, Bhatta ya dubi sama.

Ɗan jaridar ya miƙo wayarsa. "Farfesa, kina nufin duk shekarun nan a banza kika yi su? Haka zan rubuta?"

Ta san waɗanda za su karanta gobe da safe, ta san wanda zai fara kiranta yana jajanta mata da dariya a maƙogwaro.

"Rubuta cewa na yi kuskure," ta ce. "Ka rubuta sunana daidai."

Ta nemi dutse mai nauyi, ta ɗaura shi da ragowar igiyar da hannunta, don kada ɗaurin ya taso wani ya tsince shi a ƙasan gari. Bhatta ya yi addu'o'insa. Yashodamma ta ce ba za ta iya sauka matakalar ita kaɗai ba, kuma ba ɗanta take so ba. Ita da Jalaja suka shiga ruwan har gwiwa, sarinsu ya jiƙe, suka riƙe ɗaurin tare, suka sake shi. Jan zanen ya nutse nan take, furannin suka bi ruwa.

Ba su fito da wuri ba. Ruwan yana da sanyi, mutane a bayansu sun fara watsewa.

"Kin yafe min?" in ji Yashodamma, ba ta dube ta ba.

"A'a. Ba yau ba."

"To."

"Zan buga littafin yadda yake. Zan rubuta cewa ƙarshen ya ɓata."

Tsohuwar ta gyaɗa kai. Hannunta yana riƙe da damtsen Jalaja, riƙon da ya fi ƙarfin tsoron santsi. Can ta ce, da wata ƙaramar murya da Jalaja ba ta san ta da ita ba:

"Shi ke nan, babu sauran abin da za ki zo roƙo."

Jalaja ta dubi ruwan ɗan lokaci. Ta juya, ta ɗaga murya.

"Shripada! Gidan nan naka na birni, hawa na nawa ne?"

"Na tara, Malama."

"Na tara! Da wannan gwiwar?" Ta yi tsaki, ta gyara riƙon tsohuwar, suka fara hawa matakalar a hankali. "Rubuta min adireshin da manyan haruffa. Ka kuma gaya wa matarka ba na cin abinci mai gishiri da yawa."